Ramakrishna Mission: Yadda Masu Gudun Duniya Suka Koma Jinyar Marasa Lafiya

A ranar 1 ga watan Mayu na shekarar 1897, wasu mutane suka taru a gidan marigayi Balaram Bose da ke unguwar Baghbazar a birnin Kalkata, wanda yanzu ake kira Kolkata, a gabashin Indiya. Wasunsu magidanta ne masu iyali da sana'a, wasu kuma 'yan zuhudu ne sanye da tufafi masu ruwan goro, waɗanda suka haƙura da aure da dukiya da gadon iyaye. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu almajiran malami ɗaya ne, Ramakrishna, wanda ya rasu kusan shekara 11 kafin wannan zama. Wanda ya kira taron shi ne Swami Vivekananda, mai shekara 34 a lokacin, wanda bai daɗe da dawowa daga Amurka da Ingila ba. A wannan zama aka kafa ƙungiyar Ramakrishna Mission.

Shekara 5 kacal Vivekananda ya yi a duniya bayan wannan rana, amma ƙungiyar ta haura shekara 125 tana aiki, tana da rassa fiye da 200 a Indiya da wasu ƙasashe fiye da 20, tana riƙe da asibitoci da makarantu da gidajen marayu. Ƙungiyoyin addini da yawa, a kowace ƙasa, sukan bi mai su kabari, ko kuma magada su yi ta jan su har su yage. Abin da ya sa wannan ta tsaya da ƙafafunta, da kuma wurin da ta yi tuntuɓe, shi ne abin da ya cancanci a duba da kyau.

An haifi Ramakrishna a 1836 a ƙauyen Kamarpukur da ke yankin Bengal, sunansa na yanka Gadadhar. Bai yi nisa a karatun boko ba, kuma ya yi yawancin rayuwarsa yana hidima a wurin bautar Kali, wata allahiyar mabiya Hindu, da ke Dakshineswar a bakin kogi, wanda wata attajira mai suna Rani Rashmoni ta gina aka buɗe a 1855. Mutane sun san shi da dogon shagala cikin ibada har ya manta da jikinsa, da kuma magana cikin harshen mutanen karkara mai cike da misalai. Almajiransa sun rubuta cewa ya bi hanyoyin ibada daban-daban na addinin Hindu ɗaya bayan ɗaya, sannan a wajen 1866 ya yi 'yan kwanaki yana bin ibadar Musulunci a hannun wani mai bin tafarkin Sufaye da ake kira Govinda Rai, daga baya kuma ya mai da hankali ga Annabi Isa. Daga nan ya fito da koyarwar da ta zama ginshiƙin ƙungiyar, wato cewa addinai hanyoyi ne mabambanta masu zuwa wuri guda. Yakan buga misali da tafki ɗaya mai mashaya da yawa, inda kowace al'umma ke ɗiban ruwa ta nata gefen tana kiransa da sunan da ta sani. Musulmin da ya san aƙidarsa ba zai karɓi wannan magana ba, haka ma Kirista mai riƙo da nasa littafin, kuma babu amfanin a ɓoye hakan. Sai dai ba za a fahimci halin wannan ƙungiya ba, har da shari'ar da ta shiga daga baya, idan ba a riƙe wannan koyarwa a zuciya ba.

Cikin samarin Kalkata masu ilimin zamani da suka riƙa zuwa wurinsa akwai Narendranath Datta, ɗan wani lauya, haifaffen 12 ga Janairu 1863, wanda ya fara haɗuwa da shi a 1881 yana cike da shakku da gardama. Shi ne daga baya ya zama Vivekananda. Ramakrishna ya rasu ranar 16 ga Agusta 1886 sakamakon ciwon daji na maƙogwaro, bai bar gida ba, bai bar asusu ba, bai bar rubutacciyar doka ba. Abin da ya bari shi ne matarsa Sarada Devi da 'yan samari fiye da goma da suka yi jinyarsa. Suka kama hayar wani tsohon gida da ya kusa rushewa a Baranagar, wani magidanci cikin almajiran mai suna Surendranath Mitra yana biyan kuɗin haya, suna kwana a kan tabarma, wani lokaci abincinsu shinkafa ce da gishiri da dafaffen ganye. A farkon 1887 suka ɗauki alkawarin zuhudu suka sauya sunaye.

Har zuwa nan babu abin da ya bambanta su da dubban masu gudun duniya da Indiya ta saba gani. A al'adar Hindu, wanda ya ɗauki wannan alkawari, da ake kira sannyasi, ya fita daga harkar jama'a ke nan: yana yawo, yana bara, yana neman kuɓutar ransa daga sake dawowa duniya, kuma ba a sa ran ya gina makaranta ko ya wanke gyambon wani. Abin da ya sauya Vivekananda shi ne yawon da ya yi a faɗin Indiya na tsawon shekaru, yana kwana yau a fadar sarki gobe a bukkar talaka, har ya kai Kanyakumari, ƙarshen ƙasar ta kudu, a ƙarshen 1892. Ya ga yunwa da jahilci da wulaƙancin da tsarin fifikon asali ya jefa talakawa a ciki, ya yanke cewa wa'azin falsafa ga mai yunwa cin fuska ne. Da taimakon wasu matasa na Madras da Sarkin Khetri, Ajit Singh, ya hau jirgin ruwa a 1893 ya tafi Amurka, inda ya yi jawabi ranar 11 ga Satumba a taron addinan duniya na Shikago, jawabin da ya sa sunansa ya cika jaridu. Ya kafa cibiyar koyar da Vedanta, wata falsafa ta addinin Hindu, a New York a 1894, ya yi karatuttuka a Landan, ya dawo gida a Janairun 1897 da suna, da 'yan kuɗi, da almajirai Turawa, da kuma abin da ya fi waɗannan duka tasiri, wato sha'awar yadda mutanen Yamma ke tsara aiki da kwamiti da rajista da lissafi.

'Yan uwansa na zuhudu ba su karɓi wannan da hannu biyu ba. Bayan taron kafa ƙungiyar, ɗaya daga cikinsu, Swami Yogananda, ya tuhume shi da cewa wannan tsari na laccoci da ayyukan jama'a baƙon abu ne da ya kwaso daga waje, kuma malaminsu bai koyar da haka ba, shi neman Ubangiji kawai ya sa a gaba. Vivekananda ya mayar da martani da zafi, yana cewa su ne suke son su tsare malamin cikin ɗan ƙaramin ɗakin fahimtarsu. Hujjar da ya riƙe ita ce wani abu da ya faru a Dakshineswar a 1884, lokacin da Ramakrishna ke bayanin wata koyarwa da ta ambaci tausaya wa halittu, sai ya tsaya ya ce wane ne mutum, ƙasƙantacce kamarsa, da zai ce yana tausaya wa wani. Abin da ya kamata shi ne ya yi wa halitta hidima yana ganin Ubangiji a cikinta. A kan wannan ɗan bambanci tsakanin tausayi da hidima aka gina komai. Mai tausayi yana sama, wanda ake tausaya wa yana ƙasa, amma mai hidima shi ne a ƙasa, kuma a fahimtarsu shi ya kamata ya yi godiya da aka ba shi dama. Da wannan fassara, ba wa majinyaci magani ya zama ibada daidai da zaman zikirinsu, ba aikin gefe da ake yi idan an sami sarari ba. Taken ƙungiyar cikin harshen Sanskrit yana nufin “domin kuɓutar kai da kuma alherin duniya”, kuma tambarinta ya haɗa ruwa mai kaɗawa da ke nuna aiki, da furen bado da ke nuna ƙauna, da fitowar rana da ke nuna sani, da maciji da ya kewaye su yana nuna horon zuciya, da wani farin tsuntsun ruwa a tsakiya.

Aikin farko bai jira ofis ba. A wannan shekara ta 1897 yunwa ta afka wa gundumar Murshidabad, kuma Swami Akhandananda yana ratsa yankin a ƙafa. Labarin da ƙungiyar ke bayarwa shi ne ya tarar da wata yarinya Musulma a bakin hanya tana kuka saboda tulun ruwan gidansu, wanda ba su da wani sai shi, ya fashe a hannunta. 'Yan kuɗin da ke jikinsa ba su taka kara sun karya ba, amma ya kai ta wurin mai kanti ya saya mata sabon tulu da ɗan abin taɓawa. Kafin ya juya, yara masu yunwa sun kewaye shi, ya ƙarar da sauran canjin a kansu. Daga nan ya fasa tafiyar da ya sa a gaba, ya zauna a ƙauyen Mahula ya fara rabon abinci a tsakiyar watan Mayu, makonni biyu bayan kafa ƙungiyar, da kuɗin da Vivekananda ya aiko masa. Da yunwa ta lafa sai ya ga marayun da ta bari, ya buɗe musu gida wanda daga baya ya zauna a Sargachhi, kuma a can ya shafe kusan sauran rayuwarsa.

A 1898 annoba ta shigo Kalkata, mutane suka riƙa tserewa daga gari. Da aka tambayi Vivekananda ina za a sami kuɗin agaji, sai ya ce in ta kama a sayar da filin da aka saya a Belur, kusa da Kalkata, don gina mazauninsu, tun da su masu bara ne da za su iya kwana a gindin bishiya. Ba a kai ga sayarwa ba, domin gudunmawa ta shigo. Da annobar ta dawo a 1899, Swami Sadananda ya jagoranci kwashe shara da yashe magudanai a unguwannin talakawa, tare da wata malamar makaranta 'yar Ayalan mai suna Margaret Noble, wadda Vivekananda ya raɗa wa suna Nivedita, kuma wadda ta buɗe makarantar 'yan mata a Baghbazar a ƙarshen 1898.

Amma wurin da aka fi ganin nauyin abin da suka ɗauko shi ne Kankhal, kusa da Haridwar, a gindin duwatsun Himalaya. Yankin matattarar masu zuhudu ne, kuma Vivekananda ya taɓa kwanciya rashin lafiya mai tsanani a Rishikesh lokacin yawonsa, ya ga yadda mai zuhudu ke mutuwa a bukkarsa babu mai ba shi ruwa. Ya tura almajirinsa Swami Kalyanananda, wanda ya fara aiki a 1901 a ɗan wurin haya da akwatin magani, daga baya Swami Nischayananda ya same shi. Su biyun suna bara su ci, ba sa taɓa kuɗin magani don cikinsu, suna bin bukkoki suna neman marasa lafiya, suna tafiyar sa'o'i a ƙafa zuwa Rishikesh su dawo, suna wanke majinyata da kwashe bahayarsu da hannunsu, ba tare da tambayar asalin kowa ba. A ƙasar da kwasar bahaya aiki ne na mutanen da aka mayar ƙasan kowa, waɗanda ko taɓa su ba a yi, wannan abin kunya ne babba a idon sauran masu zuhudu. Suka laƙaba musu sunan da ke nufin masu zuhudu 'yan kwasar kashi, suka daina gayyatarsu walimar da ake yi wa masu ibada. Sai da wani babban shugabansu mai daraja, Dhanraj Giri na Kailash Ashram, ya sa aka kira su wata walima ya karrama su a bainar jama'a, sannan kallon da ake yi musu ya fara sauyawa. Wannan wuri yau asibiti ne mai gadaje fiye da 100. A ganina, waɗannan mutum biyu sun fi jawabin Shikago bayyana abin da ƙungiyar take, domin jawabi tafi ya jawo, su kuwa ƙyama suka jawo wa kansu daga mutanen da suke ganin girmansu, kuma ba su fasa ba.

Irin wannan ya faru a Varanasi, birnin da tsofaffin mabiya Hindu ke zuwa don su mutu a cikinsa. A watan Yuni na 1900 wani saurayi ya tsinci wata tsohuwa a yashe a gefen hanya, shi da abokansa suka yi karo-karo suka kai ta asibiti, daga nan suka kafa ƙaramar ƙungiyar agajin talakawa. Da Vivekananda ya ziyarce su a 1902, ya ba su shawarar su cire kalmar agaji su mayar da sunan Gidan Hidima, kuma da wannan suna asibitin yake har yau.

Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe ƙungiya shekara ɗari, saboda haka dole a dubi tsarin. An keɓe mazaunin Belur, a gaɓar yamma ta kogin Hooghly, a watan Disamba na 1898, kuma kuɗin filin da ginin farko sun fito ne galibi daga mata biyu almajiran Vivekananda, Henrietta Müller daga Ingila da Sara Bull daga Amurka. A 1901 Vivekananda ya yi abin da shugabannin addini kaɗan ne ke iya yi: ya rubuta takardar waƙafi ya danƙa dukiyar mazaunin a hannun kwamitin amintattu na 'yan uwansa, ya janye daga shugabanci, aka zaɓi Swami Brahmananda wanda ya riƙe muƙamin har 1922. Da Vivekananda ya rasu ranar 4 ga Yuli 1902 yana da shekara 39, babu kujerar da za a yi rigima a kanta, domin tuni akwai mai zama a kai.

Daga nan abin ya zama tagwaye. Akwai Ramakrishna Math, wato jama'ar 'yan zuhudu, mai kula da ibada da horo da wa'azi. Akwai kuma Ramakrishna Mission, wadda aka yi wa rajista a 1909 ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1860, inda 'yan zuhudu da magidanta ke aiki tare a kan makarantu da asibitoci da agaji. Asusunsu daban-daban ne, ana binciken kowanne, amma amintattun na farko su ne hukumar gudanarwar ta biyu, kuma hedikwatarsu ɗaya a Belur. Shugaba shi ne uban ruhi, shi da mataimakansa ne ke ba sababbin mabiya kalmar zikiri, amma gudanar da aikin yau da kullum yana hannun babban sakatare. Saurayin da ke son shiga sai ya kasance marar aure, kuma sai ya yi aƙalla shekara 9 yana gwaji da horo, ciki har da shekara 2 a cibiyar horarwa ta Belur, kafin a ba shi tufafi masu ruwan goro. Ba shi da albashi, kuma hedikwata na iya ɗauke shi daga shugabancin kwaleji ta tura shi wani ƙauye. Kowane reshe shi ke neman kuɗin tafiyar da kansa ta hanyar gudunmawa da kuɗin makaranta da sayar da littattafai da tallafin gwamnati. Ba a ce ba a taɓa samun ɓaraka ba, domin Swami Abhedananda, ɗaya daga almajiran farko, ya dawo daga Amurka ya kafa tasa ƙungiyar daban a Kalkata a 1923, amma gangar jikin ba ta tsage ba. Mata kuwa sun jira har 1954 kafin a buɗe musu nasu mazaunin, Sri Sarada Math, wanda aka sakar wa ragamarsa gaba ɗaya a 1959, ya zama mata ne ke mulkin kansu ba tare da wani namiji a samansu ba.

Wata doka da Vivekananda ya kafa ita ce nisantar siyasa, kuma an biya kuɗinta da tsada. Nivedita, duk da kusancinta, ta yanke alaƙarta ta hukuma da ƙungiyar a 1902 saboda ta zaɓi shiga gwagwarmayar neman 'yancin Indiya. Duk da haka Turawan mulkin mallaka ba su yarda da su ba, musamman da wasu tsofaffin 'yan gwagwarmaya suka ajiye makami suka shiga zuhudu. A 1916 Gwamnan Bengal, Lord Carmichael, ya yi jawabi yana zargin cewa masu tayar da ƙayar baya suna fakewa da sunan ƙungiyar, har wasu suka ba da shawarar a kori waɗannan samari. Sarada Devi ta ƙi, ta ce wanda ya sa rigar zuhudu ya zama ɗan gida, a je a yi wa gwamnan bayani. Babban sakatare Swami Saradananda ya yi hakan, kuma a 1917 gwamnan ya rubuto wasiƙa yana janye zargin daga kan ƙungiyar.

Bayan wannan sai faɗaɗa. Asibitin haihuwa da aka fara a Kalkata a 1932 ya zama babban asibitin Seva Pratishthan mai ɗaruruwan gadaje, an buɗe asibitin masu tarin fuka kusa da Ranchi a 1951, makarantun kwana na Deoghar da Purulia da Narendrapur sun yi suna wajen cin jarrabawa, an shiga tsaunukan Khasi tun 1924, da Arunachal Pradesh a 1966, da dajin Abujhmarh a 1985, wuraren da malaman gwamnati ba sa son zama. An yi agaji a yunwar Bengal ta 1943, da kwararar 'yan gudun hijira bayan raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan a 1947 da yaƙin 'yancin Bangladesh na 1971, da girgizar ƙasa ta Latur a 1993 da ta Gujarat a 2001, da ambaliyar teku ta 2004, kuma a wurare da dama ba a tsaya ga rabon shinkafa da barguna ba, har gidaje da makarantu aka sake ginawa. Gwamnatin Indiya ta ba ƙungiyar lambar zaman lafiya ta Gandhi a 1998.

A ƙasashen Yamma fuskar ƙungiyar daban ce. Cibiyoyin New York da San Francisco da Hollywood, da na Gretz a Faransa da Bourne End a Ingila, ba asibitoci suke gudanarwa ba, karatun falsafar Vedanta da koyar da natsuwar zuciya suke yi, kuma ba sa neman kowa ya bar addininsa. A Afirka kuwa ta bi sawun Indiyawan da suka zauna a can ne: akwai reshe a Vacoas ta ƙasar Morishus, akwai na Lusaka a Zambiya, akwai kuma na Durban a Afirka ta Kudu, wanda 'yan ƙasar suka fara da kansu a 1942 kuma bai shiga ƙarƙashin Belur a hukumance ba sai 2007.

Yanzu sai tuntuɓen. Makarantu masu yawa suna bukatar kuɗi mai yawa, kuma wanda ya ba ka kuɗi yana da bakin magana a gidanka. Kwalejin Rahara, kusa da Kalkata, an kafa ta ne a farkon shekarun 1960 da tallafin gwamnati a kan filin ƙungiyar, aka bar wa ƙungiyar ikon naɗa hukumar gudanarwa da shugaban kwaleji daga cikin 'yan zuhudunta. A shekarun 1970 jihar Bengal ta Yamma ta yi dokokin da suka mayar da ɗaukar malaman kwalejoji hannun wata hukumar gwamnati, kuma a 1977 jam'iyyun gurguzu suka hau mulkin jihar. A 1980 malaman kwalejin suka yi tawaye ga sabon shugaban da ƙungiyar ta naɗa, maganar ta kai Babbar Kotun Kalkata. Kundin tsarin mulkin Indiya, a sashe na 30, ya ba 'yan tsiraru na addini ko na harshe 'yancin kafa makarantunsu da gudanar da su, kariyar da masu rinjaye ba su da irinta. Don ta tsare makarantunta, ƙungiyar ta gaya wa kotu cewa ita ba ta cikin addinin Hindu, addini ne na daban mai tattara dukkan addinai wanda Ramakrishna ya zo da shi, saboda haka mabiyanta 'yan tsiraru ne.

Wannan magana ta girgiza mutane da yawa, har cikin masoyanta. Ga ƙungiyar da mai kafa ta ya tsaya a Shikago a matsayin wakilin addinin Hindu, wadda ake bikin bautar Durga, wata allahiyar mabiya Hindu, a hedikwatarta tun 1901, tana rantsuwa a gaban alƙali cewa ita wani abu ce daban. Masu kare ta sun ce dabarar lauyoyi ce ta dole don kada makarantu su faɗa hannun 'yan siyasa, kuma koyarwar tafki mai mashaya da yawa ta ba su abin kafa hujja. Ni dai ina ganin tsoron da suka ji na gaske ne, amma maganin da suka nema ya taɓa abin da ya fi makarantun daraja, wato amincin bakinsu. Babbar Kotun ta yarda da hujjarsu, zaman ɗaukaka ƙara na kotun ya tabbatar a 1985, sai ranar 2 ga Yuli 1995 Kotun Ƙoli ta Indiya ta rushe wannan ɓangare. Alƙalai uku suka bi maganganun Ramakrishna da na Vivekananda kansu suka nuna cewa ba su taɓa fita daga addinin Hindu ba, suka ce ƙungiyar ɗariƙa ce a cikinsa, ba 'yan tsiraru ba. Duk da haka kotun ba ta ba da umarnin a rushe tsarin gudanar da kwalejin ba, ta yadda bayan shekara 15 ana shari'a ƙungiyar ta riƙe makarantarta, ta kuma koma amsa sunan da ta yi ƙoƙarin ajiyewa.

Matsin da ke kanta a yau daga wani gefen yake zuwa. Masu kishin Hindu a siyasance sun rungumi hoton Vivekananda suna kafa hujja da kiran da ya yi na ƙarfi da alfahari da addini, ko da yake shi ne kuma ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi na Nainital wasiƙa a 1898 yana cewa idan akwai mabiya addinin da suka kusanci daidaita mutane a aikace to Musulmi ne, kuma fatan Indiya shi ne haɗuwar tunanin Vedanta da jikin Musulunci. Babban ɗakin bautar Belur da aka buɗe a 1938 an zana shi ne da gangan ya ɗauko siffofi daga wuraren ibadar Hindu da coci da masallaci, kuma har yau ana raya daren Kirsimeti a cikinsa. A watan Janairu na 2020 Firaminista Narendra Modi, wanda ya daɗe da alaƙa da ƙungiyar tun yana saurayi, ya kwana a Belur, washegari ya yi amfani da jawabinsa ga matasa wajen kare sabuwar dokar zama ɗan ƙasa da ake ta zanga-zanga a kanta saboda ta ware Musulmi daga cikin baƙin da za a sauƙaƙa wa. Wasu mabiya suka nuna ɓacin ransu a fili cewa an kawo siyasa inda aka hana ta, shugabannin kuwa suka ce shi baƙo ne, ba za su yi sharhi a kan maganarsa ba, kuma ƙungiyarsu ba ta siyasa ba ce. Wasu sun ɗauki wannan shiru a matsayin biyayya ga tsohuwar doka, wasu kuma sun ce akwai lokacin da shiru kansa matsayi ne.

A watan Maris na 2024 shugaba na 16, Swami Smaranananda, ya rasu. Bayan wata guda amintattu suka zauna a Belur suka zaɓi Swami Gautamananda, dattijo mai shekara fiye da 90 wanda ya riƙe reshen Chennai tun 1995, ya zama na 17 a jerin da ya faro daga Brahmananda, bisa takardar waƙafin nan ta 1901.